Waiwaye: Daga ina gardamar CA 15-3 ta samo asali?

A Tahoua, gidan da ke jinyar mai kansar nono ba ya rasa gardama ranar da takardar labo ta fito. Lambar CA 15-3, wato sinadarin da ake aunawa a jinin mai kansar nono, ta haura 30, iyakar da ake ɗauka daidai, sai wani ya ce ciwo ya shiga ƙashi, a kama hanyar Yamai yau, wani ya ce likita ya ce a dakata. Har a kai ga zargin ana ɓoye wa dangi gaskiya. Wannan saɓani ya girmi yawancin masu yin sa.

A 1965 aka gano sinadarin CEA, wata alamar kansa da ake aunawa a jini, a Kanada, CA 15-3 ya biyo baya a shekarun 1980. An sa rai ɗigon jini zai riƙa tona asirin ciwon tun kafin ƙugu ko gadon baya su fara zogi, tunda ƙashi ne inda kansar nono ta fi yaɗuwa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne 1994. A shekarar aka fitar da sakamakon manyan bincike 2 daga Italiya, kowanne da mata fiye da 1,200 da aka yi wa aikin kansar nono. An raba su gida biyu. Kashi guda ana bin su da hoton ƙashi da na ƙirji a kai a kai, ko da lafiyarsu lau. Sauran kuma likita na duba su da hannu, a yi hoton nono, a saurari kokensu. A bincike guda an riga ganin yaɗuwar ciwon a kashin farko, amma da aka ƙirga bayan shekara 5, waɗanda suka rayu kusan daidai suke a ɓangarorin biyu. Saurin ganin bai ƙara kwana ba. Abin ya yi wa likitoci nauyi, ni ma da na fara jin sa sai da jikina ya yi sanyi. Shi ya sa a 1996 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ba ta goyi bayan neman ciwo da awon CA 15-3 a jikin macen da ba ta da alama ba.

A ganina nan gizo yake saƙa: awon ya iso mana, bayaninsa ya tsaya a hanya. Ciwon hanta na iya ɗaga lambar. Wata ciwon ya cinye mata ƙashi lambar ba ta motsa ba. A makonni 4 zuwa 6 na farkon magani takan hau ko da maganin na ci. Amfaninta yana ga wadda an riga an tabbatar ciwon ya yaɗu, a riƙa kwatanta ta jiya da ta yau, tare da hoton ƙashi na sintigrafi ko sikana.

Ƴar'uwa, in baya ya dame ki da ciwon da ke hana barci, ko ƙafa ta fara rasa ƙarfi, ki je asibiti ko da lambar na ƙasa da 30.