Wa zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare?

Akwai maganar da idan ta fito daga bakin likita takan girgiza gida gaba ɗaya: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma cutar nan ba za ta warke ba." Daga nan sai iyali su ɗauka aikin ma'aikatan lafiya ya ƙare, abin da ya rage sai jira. A tsawon shekarun da na yi ina aikin jinya, babu fahimtar da ta fi wannan damuna, domin a daidai wannan lokacin ne maras lafiya ya fi bukatar hannun gwanaye. Raɗaɗi yana nan. Sarƙewar numfashi tana nan, ga tashin zuciya, ga rashin barci, ga fargaba. Dukkansu akwai abin da ake yi musu, ko da cutar da ta haifar da su ta gagari magani.

Wannan shi ne aikin cibiyoyin da ake kira hosfis, wato masu kula da mutumin da cutarsa ta kai matakin ƙarshe, ko ciwon daji ne, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda, ko na huhu, ko gigin tsufa. Ba warkarwa suke nema ba. Suna neman mutum ya yi sauran kwanakinsa cikin sauƙi da mutunci, iyalinsa kuma kada su ɗauki nauyin su kaɗai. Wasu suna da ɗakunan kwantarwa, amma galibin aikin a gidan maras lafiya ake yinsa, ma'aikata na zuwa suna dubawa.

Wata 'yar Ingila mai suna Cicely Saunders ce ta aza tubalin wannan aiki a zamanance. Ta fara da aikin nas, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya, daga baya ta karanta likitanci, sannan a 1967 ta buɗe cibiyar hosfis ta St Christopher's a Landan. Abin da ta koyar shi ne, ciwon maras lafiyar da ya kai matakin ƙarshe ba a jiki kawai yake ba: akwai na zuciya, akwai na tunanin iyali da abin da zai bar musu, akwai na tsakaninsa da Mahaliccinsa. A Afirka, Island Hospice ta fara aiki a Zimbabuwe a 1979, sai Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa irin wannan kulawa wani ɓangare ne na tsarin lafiyar kowace ƙasa. Duk da haka, ƙiyasin hukumar ya nuna mutum kusan miliyan 56.8 ne ke bukatarta kowace shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari ne kacal ke samu. Ƙarancin nan ne ke sa iyali su rungumi duk cibiyar da ta fara amsa musu, ba tambaya ba bincike. Na fahimci dalilinsu, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma sunan hosfis a jikin allo bai isa shaida ba.

Tambayar da nake so kowa ya fara yi ita ce ta dare. Ciwo ba ya bin lokacin ofis. Sau da yawa cikin tsakar dare yake tashi, ko ranar hutu, lokacin da mai jinya ta gaji, gida ya yi tsit, maras lafiya na nishi ba wanda ya san abin yi. Ku tambaye su kai tsaye: idan muka kira da ƙarfe biyun dare, wa zai ɗauka? Nas ce da ta san takardun maras lafiyarmu, ko mai karɓar saƙo ne da zai ce a jira safiya? Idan bayani ta waya bai wadatar ba, akwai mai tasowa ya zo? Cikin minti nawa, ko awa nawa? Cibiyar da ta san aikinta za ta ba ku amsa da lamba, ta ce cikin awa ɗaya ko biyu, ta kuma faɗa muku nisan da ma'aikatanta ke iya zuwa. Wadda ta ce "kada ku damu, muna nan kullum" ta yi shiru, to ku sake tambaya. Ni nakan ba iyalai shawara su gwada kiran lambar daren nan sau ɗaya kafin su sa hannu a kowace takarda. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma zargi ba ne. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Sai maganar maganin raɗaɗi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi cutar da marasa lafiya ba da gangan ba.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na magance raɗaɗin ciwon daji. Ana farawa da magunguna masu sauƙi irin su farasitamol, idan ba su isa ba a hau zuwa irin su kodin, idan ciwo ya yi tsanani a kai ga mofin. Ƙa'idar da ke tafe da shi ita ce a ba da magani ta baki muddin mutum na iya haɗiya, kuma a ba da shi bisa agogo, ba sai ciwo ya dawo mutum ya fara kuka ba. Mofin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki awa huɗu yake yi a jiki, don haka duk bayan awa huɗu ake bayarwa, a kuma ajiye wani ƙarin awo na musamman don ciwon da kan taso a tsakani. To ku tambayi cibiyar: kuna da izinin ajiye mofin da bayar da shi? Wa ke rubutawa? Idan ya ƙare ranar hutu, yaya za a yi? Idan maras lafiya ya daina haɗiya, wace hanya za ku bi? Akwai ƙaramar na'ura mai tura magani a hankali ƙarƙashin fata dare da rana, akwai kuma allura da maganin mannawa a fata. Cibiyar da ba ta da amsar wannan tambaya ta ƙarshe za ta bar ku cikin tsaka mai wuya a ranakun da kuka fi bukatarta.

Na san tsoron da mutane ke yi wa mofin. Na sha jin 'ya'ya suna cewa, "Kada a ba Baba wannan, shi ne zai ƙarasa shi," ko "Kada ya zame masa jaraba." Ina girmama wannan tsoro, domin ƙauna ce ta kawo shi. Amma idan ƙwararre ya fara da ɗan awo kaɗan ya riƙa ƙarawa daidai da ciwon, mofin ba ya gaggauta ajali. Abin da yakan sa a ɗora masa laifi shi ne ana jinkirta shi har sai mutum ya kai gargara, sai a ba shi yau, gobe rai ya yi halinsa, a ce maganin ne. Gyangyaɗi da tashin zuciya da yakan kawo a farko sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Wanda ba ya lafawa shi ne taurin bayan gida, shi ya sa duk wanda ya iya aikin yakan haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Wannan ma wata 'yar ma'auni ce a hannunku: idan aka ba ku mofin ba a ambaci bayan gida ba, akwai gyara a aikinsu. Haka idan maras lafiya na da ciwon ƙoda, ya kamata ku ji sun yi maganar rage awo ko sauya magani.

Ku lura kuma ko suna auna ciwon. Nas ta gari duk zuwanta za ta tambayi maras lafiya, daga sifili zuwa 10, ina ciwonka yake yau, ta rubuta. Idan ba ya iya magana, za ta duba fuskarsa, da nishinsa, da yadda yake ɗaure jiki idan an juya shi.

Game da ma'aikata, hosfis aikin ayari ne: likita, nas, mai taimakawa wajen wanka da gyara shimfiɗa, jami'in walwala, da mai ba da shawara ta fuskar addini wanda ya dace da imanin maras lafiya, ba wanda za a ɗora masa ba. Ku ji sau nawa kowannensu zai zo a mako, marasa lafiya nawa ke hannun nas guda, kuma ita ɗin ce za ta riƙa zuwa ko kullum sabuwar fuska. Wannan na ƙarshe yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mutumin da ƙarfinsa ya ƙare ba ya son maimaita tarihin ciwonsa ga baƙo duk bayan kwana biyu, kuma wadda ta saba ganinsa ita ce za ta fara lura cewa yau ba kamar jiya ba.

Ziyarar farko takan tona komai, in kun sa ido. Da wa suke magana? Na taɓa ganin ma'aikaciyar wata cibiya ta shiga ɗaki ta yi minti ashirin tana bayani ga 'ya'yan wata dattijuwa, ita kuwa tana kwance idonta biyu, hankalinta garau, ba a ko gaishe ta da sunanta ba. Har yau abin na ci mini rai. Ma'aikacin kirki zai zauna daidai da fuskar maras lafiya, ya nemi izini kafin ya yaye mayafi, ya tambaye shi me ya fi damunsa, me yake so ya sani game da cutarsa, me kuma ba ya so a faɗa masa, a ina yake so ya ƙarasa kwanakinsa, wa yake so ya yanke hukunci a madadinsa idan ya kasa magana. Sannan a rubuta duk wannan a tsarin kulawa, a ba ku kwafi, a riƙa sabunta shi.

Wani abin da iyalai kan manta su tambaya shi ne koyarwa. Ko da cibiya ta fi kowace kyau, awa ɗaya ko biyu ma'aikacinta zai yi a gidan, sauran awoyin a hannunku suke. Dole su nuna muku da hannu yadda ake juya mai kwanciya duk bayan kamar awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ƙugu da dugadugai, yadda ake jiƙa baki da leɓe, yadda ake kula da robar fitsari, yadda ake auna magani da sirinji. Su kuma gaya muku abin da ke tafe kafin ya zo: cewa sha'awar abinci za ta ragu kuma ɗura na iya sa shaƙewa, cewa barci zai yawaita, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro ya riƙa ƙara. Wanda aka shirya wa ganin waɗannan yakan zauna ya riƙe hannun mahaifiyarsa. Wanda ba a gaya wa ba yakan ruɗe ya kwashe ta zuwa sashen gaggawa, ta cika a kan hanya ko a kan gadon da ta roƙa kada a kai ta.

Ita ma mai jinyar mutum ce. Ku tambaya ko akwai tsarin da za su karɓi maras lafiya na 'yan kwanaki don ta huta, da kuma inda za su kwantar da shi idan ciwo ya fi ƙarfin gida.

Takardu ba za su ɗauke ku dogon lokaci ba. A nuna muku lasisi da rajistar hukumar da ke sa ido a ƙasar da kuke, da lasisin likita da na nas. Wasu ƙasashe sun sauƙaƙa binciken: a Ingila hukumar CQC na duba cibiyoyin tana wallafa sakamako, a Amurka kuma, inda shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare ya fara ɗaukar nauyin hosfis bisa dokar 1982 ga wanda likita ya ga kwanakinsa ba za su wuce wata shida ba, ana tambayar iyalan mamata yadda aka kula da su, a wallafa a shafin gwamnati. Inda babu irin wannan, sai ku nemi jin ta bakin iyalin da suka taɓa hulɗa da cibiyar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A rubuta muku abin da kuɗinku ko inshorarku ta ƙunsa da abin da ba ta ƙunsa ba: magani, gado, iskar oksijin, motar ɗaukar maras lafiya, zuwan dare. Ku guji wadda ke matsa muku ku sa hannu yau yau, da wadda ta yi alkawarin warkarwa, da wadda ba ta da hanyar kai ƙorafi. Ku kuma sani cewa shiga hosfis ba ƙofa ce da ake rufewa ba. Maras lafiya na da 'yancin sauya cibiya, ko ya fita ya koma neman magani a asibiti idan ya canza ra'ayi.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda baki ke nauyin furtawa, amma gara a yi ta tun ana da natsuwa: ranar da abin ya faru, me za mu yi? Wa za mu kira, wa zai zo ya tabbatar da rasuwar, wa zai ba da takardar shaida? Wa zai cire robar fitsari da allurar da ke jiki? Ragowar mofin kuma ba abin ajiyewa a kabad ba ne, ba kuma na bai wa wani mai ciwo ba. Cibiyar ce za ta karɓa ko ta nuna yadda za a lalata shi, a rubuta. Sannan ku ji ko suna waiwayar iyali bayan rasuwa. A tsarin Medicare wajibi ne cibiya ta ci gaba da tallafa wa iyalin har tsawon shekara guda, kuma cibiyoyi da dama a wasu ƙasashe suna yin haka don kansu. Ku tambaya wa zai kira, bayan mako nawa, kuma ko suna da wanda ya iya magana da ƙananan yara.