Hukunta kocin guje-guje da tsalle-tsalle idan ya yi laifi

Hukunta koci shi ne matakin da hukumar wasanni ko kotu ke ɗauka kan mai horar da ƴan gudu da ƴan tsalle idan an same shi da karya doka ko cutar da wanda yake horarwa. Hukuncin kan fara daga gargaɗi, ya kai ga dakatarwa ta wasu shekaru, ya kai ga haramci na har abada, wani lokacin ma har gidan yari in laifin ya taɓa dokar ƙasa. Laifukan da aka fi kama koci da su su ne ba ɗan wasa ƙwayar ƙara kuzari, da ɓoye wa masu bincike gaskiya, da lalata ko cin zarafi, da matsa wa yaro lamba kan abinci da nauyin jiki har lafiyarsa ta lalace.

Asalin maganar

Da can ɗan wasa kaɗai ake kamawa, saboda fitsarinsa ne a kwalba, sunansa ne a takarda, koci kuwa ya kakkaɓe rigarsa ya nemi wani yaron. Abin da ya fara sauya tunanin mutane shi ne Olamfik ta Seoul a 1988, lokacin da Ben Johnson na Kanada ya ci mita 100 a daƙiƙa 9.79 sannan gwaji ya nuna ƙwayar ƙara kuzari ta stanozolol a jikinsa aka karɓe zinaren. A binciken da gwamnatin Kanada ta yi a 1989 kocinsa Charlie Francis ya faɗa da bakinsa cewa shekaru ana ba Johnson ƙwayar da saninsa, aka haramta masa horarwa a ƙasar. An kafa hukumar yaƙi da ƙwaya a wasanni ta duniya WADA a 1999, wadda mu nan a rediyon Faransanci muka fi ji da AMA, dokarta ta fara aiki a 2004, kuma ta haɗa har da koci da likita da mai tausa da manaja.

A dokar, wanda ya yi safarar ƙwaya ko ya ba ɗan wasa, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 4 ne kuma yana iya kaiwa har abada, in kuma ƙaramin yaro aka ba to hukuncin ya fi tsanani. Tun 2015 an ƙara wani sashe da ya hana ɗan wasa aiki da kocin da ke cikin dakatarwa, domin a baya sai a dakatar da mutum a takarda amma gobe ka gan shi bakin fili riƙe da agogo yana ƙirga wa yara lokaci. A 2017 hukumar guje-guje ta duniya ta kafa sashen bincike mai zaman kansa AIU, duk wanda bai gamsu da hukunci ba kuma yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta Lausanne a Suwizalan, wato TAS.

Shari'ar Alberto Salazar

Babu misalin da ya kai wannan bayyana yadda abin yake. Salazar ba ƙaramin mutum ba ne, ya ci gudun famfalaƙi na New York sau uku a jere, 1980 da 1981 da 1982, ya ci na Boston a 1982, sannan daga 2001 ya jagoranci sansanin horo na kamfanin Nike a jihar Oregon inda irin su Mo Farah da Galen Rupp suka yi horo. A 2015 wasu da suka yi aiki da shi, cikinsu har da mataimakinsa Steve Magness da ƴar gudu Kara Goucher, suka fito suka yi magana, amma sai ƙarshen Satumba 2019 hukuncin ya fito, ana tsakiyar gasar duniya a Doha, aka dakatar da shi shekara 4 tare da likita Jeffrey Brown, aka karɓe katin shigarsa fili. An same shi da safarar sinadarin ƙara ƙarfi na testosterone, wanda aka shafa wa ƴaƴansa biyu a wani gwaji, da hannu a ƙarin ruwa na sinadarin L-carnitine da ya wuce ƙa'ida, da yunƙurin kawo cikas ga aikin masu gwaji. Dole a faɗi cewa hukuncin bai kama ko ɗaya daga ƴan wasansa da shan ƙwaya ba. Nike ta rufe sansanin a Oktoba, kotun TAS ta tabbatar da hukuncin a 2021.

Abin da ya fi ƙona rai ya biyo baya. A Nuwamba 2019 Mary Cain, wadda ta shiga hannunsa tana yarinya ƴar sakandare, ta ce an yi ta matsa mata ta rage nauyi, ana auna ta a sikeli gaban abokan horo, har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwa biyar suka karye mata, ta kai ga yankan jikinta. Salazar ya musanta. A 2021 cibiyar SafeSport ta Amurka ta haramta masa horarwa har abada bisa laifin da ya shafi lalata da cin zarafi, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Yarinyar da ake ce mata gobe ke ce zakarar duniya, yaya za a yi ta ce wa mutumin da ya riƙe wannan goben a'a? Wannan tambayar ce ta sa hukumomi suka daina ɗaukar shirun ɗan wasa a matsayin yarda.

Wasu kuma a taƙaice: Trevor Graham, kocin Marion Jones da Justin Gatlin, an haramta masa har abada a 2008 kuma kotu ta same shi da yi wa masu bincike ƙarya. Viktor Chegin na Rasha, kocin ƴan tseren tafiya, har abada a 2016. Toni Minichiello da ya horar da Jessica Ennis-Hill, hukumar Birtaniya ta haramta masa har abada a 2022 kan rashin ɗa'a da ya shafi ƴan wasa mata, shi ma ya musanta.

Muhawarar

Masu kare koci sukan ce ɗan wasa baligi ne, shi ya haɗiye da kansa, kuma zargi kaɗai kan kashe sunan mutum tun kafin a saurare shi. Magana ta biyun tana da nauyi wallahi, shi ya sa ake buƙatar kwamiti mai zaman kansa da damar kare kai da ɗaukaka ƙara, kuma dakatarwar wucin gadi lokacin bincike ba hukunci ba ce, kariya ce ga yaran da ke hannunsa har a gama. Amma ta farkon ba ta tsaya da ƙafarta ba, don koci ne ke cewa sha wannan bitamin ne, koci ne ke kai yaro wajen likita. Akwai kuma masu cewa ai ya kawo wa ƙasa lambobin yabo a yi masa sassauci, to lambar yabo ba ta mayar wa yarinya lafiyarta, kuma yawan nasarar ce ma ke sa a daɗe ba a taɓa shi ba.

A wajenmu

Kamaru da Cadi ba baƙi ba ne a wannan wasa. Françoise Mbango ta ci zinare a tsalle uku a Olamfik ta 2004 da ta 2008, Kaltouma Nadjina ta Cadi ta zama zakarar Afirka a mita 200 da mita 400 a 2002, Duwala ta karɓi gasar Afirka a 2024, Hamad Kalkaba Malboum ɗan Arewa Mai Nisa kuma ya hau shugabancin hukumar guje-guje ta Afirka a 2003. Amma yawancin yaranmu a Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusiri daga lise suke farawa, ta wasannin makarantu na FENASSCO, kuma a wannan matakin mutum ɗaya ne komai. Shi ke rubuta sunan wanda zai tafi gasa, shi ke riƙe kuɗin mota da na abinci, takardar haihuwar yaro tana cikin jakarsa, shi ke kwana da su a masauki nesa da gida. Yawancin waɗannan malamai mutanen kirki ne da ke saya wa yara takalmi daga aljihunsu, da asuba ka gan su kan babur suna bin yara a baya kafin rana ta yi zafi, kuma rashin hukunta ɓata-gari su ma yana cutar da su, domin uba da ya ji labari ɗaya zai ce ƴarsa ba za ta ƙara saka wandon gudu ba, sai a rasa ƴan mata goma a unguwa guda.

Matsalar ita ce wa za a kai wa ƙara. Yarinya ta faɗa wa uwa, uwa ta ce rufa mana asiri, in magana ta fita kuma sai manya su zauna a sasanta, a mayar da mutumin wani gari ya ci gaba da riƙe yara. A Mali sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2021 kafin aka kama kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƴan mata, bayan an daɗe ana kuka a cikin gida. Hukumar guje-guje ta duniya ta fitar da tsarin kare ƴan wasa a 2021, ta buƙaci kowace ƙasa memba ta yi nata. Abin da irin wannan tsari ke nema ba shi da tsada: a samu wanda za a kai wa ƙara da ba ya ƙarƙashin koci, mace babba ta raka ƴan mata duk tafiya, kada a bar koci da ƙaramin yaro su biyu a ɗaki, a sanar da sauran jihohi sunan wanda aka dakatar, laifin lalata da ƙaramin yaro kuma a miƙa shi ga jandarma da kotu, kada a tsaya a teburin federasiyon.