Allurar da Aka Rubuta an Yi, Ba Ta Shiga Jiki Ba

Mace ta fito daga tiyatar haihuwa, katinta ya nuna an yi mata allurar fentazosin, mai kashe raɗaɗi, da ƙarfe goma na dare, amma sha ɗaya ta same ta tana murƙususu kamar ba a taɓa ta ba. Idan sau ɗaya ne, sai a ce yanayin jikinta ne. Idan kuwa abin yana maimaituwa, kuma kullum a lokacin aikin mutum guda, 'yan'uwa ma'aikatan asibiti, sai mu buɗe ido, domin wataƙila karkatar da maganin ake yi, wato ɗauke shi a ɓoye.

Magungunan da ake kulle wa a kabad, irin su mofin, fetidin da fentazosin, su aka fi karkatarwa, sai taramol. Wani sayarwa yake yi, wani kuma shi ya kamu da jarabar maganin. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, masu nema ba su daina nema ba, kuma sun san inda mai kyau yake.

Rijista ce take fara tona asiri: lissafin kwalabe bai dace da na littafi ba a lokacin miƙa aiki, ko kullum a ce kwalba ta fashe ba shaida, ko a ga an kankare rubutu. Shi kuma wanda ya kamu, za ka ga yana nacin aikin dare, yana leƙowa ranar hutunsa, yana daɗewa a banɗaki ya fito yana gyangyaɗi. Yawan allurar fentazosin kan bar gyambo da taurin fata a cinya ko dantse.

Abin da ya fi damuna shi ne sa hannun kara. Abokin aiki ya miƙo maka biro, kunya ta hana ka cewa ba ka ga lokacin da aka zubar da ragowar maganin ba. Kada ka sa. Ranar bincike, sunanka ne a wurin.

Kada ka tare wanda kake zargi, kada ka kai zancen WhatsApp, domin alama ba hujja ba ce. Rubuta rana, lokaci da abin da idonka ya gani, ka kai wa shugabar ma'aikatan jinya ko shugaban sashen magunguna a asirce. Idan an danne maganar, akwai hukumar gudanarwar asibiti, akwai NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Wanda ya kamu yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, kuma a fara da karɓe mukullin kabad daga hannunsa.