Wanda ya cutu na biyu: halin da likita ke shiga bayan kuskure

A asibitocin Amurka da Ingila ana yawan jin kalmar "second victim", wato wanda ya cutu na biyu. Na farko shi ne majinyaci da iyalansa. Na biyu kuwa likita ne, ko nas, ko mai haɗa magani, wanda kuskuren ya fito daga hannunsa: ya ba da magani fiye da kima, ko ya sallami yaro gida alhali cuta na cin sa.

Farfesa Albert Wu na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ne ya fito da kalmar a 2000 cikin mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, 'yan watanni bayan wani rahoto ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin Amurka sanadiyyar kurakuran jinya. Hankali ya koma kan gyaran tsari, ba wanda ya waiwayi ma'aikacin.

Shi kuwa barci ya ƙaurace masa. Ranar da ya yi kuskuren ta yi ta dawo masa, ya daina amincewa da hannunsa, ya shiga tura majinyata gwaje-gwajen da ba sa bukata don tsoro kawai. Wani ya ajiye aikin, wani ma ya kashe kansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun: tun yana ɗalibi aka cusa masa cewa ƙwararre ba ya kuskure, ga kuma fargabar kotu. To wa zai faɗa wa? Kuskuren da aka binne kuma, wani likitan zai maimaita shi.

Shi ya sa a 2011 asibitin Johns Hopkins ya kafa shirin RISE. Abokan aiki ne aka horar, ana kiransu dare da rana, su saurari mutum ba tare da tuhuma ba. Binciken kuskuren daban, wannan zama daban.

Kalmar dai ba ta yi wa kowa daɗi ba. A 2019 wasu dangin majinyata suka rubuta a BMJ cewa a daina amfani da ita, don tana wanke mai laifi. Suna da gaskiyarsu, uwar da ta binne ɗa ba ta haɗa ciwo da kowa ba. Amma likitan da aka bari cikin wannan hali gobe ma shi zai duba layin marasa lafiya, kuma wanda ya samu mai saurarensa ya fi iya tsayawa gaban iyali ya faɗi abin da ya faru, ya nemi yafiya.