Kwaskwarimar wasannin bidiyo

Kwaskwarimar wasannin bidiyo, wadda masu yinta suke kira mod, ita ce sauye-sauyen da 'yan wasa suke yi wa wasan da wani kamfani ya fitar. Wani lokaci canjin bai wuce launin riga ko gyaran wata matsala ba. Wani lokaci kuma akan sake wasan baki ɗaya, har ya zama injin da ke tafiyar da shi ne kawai ya rage daga na asali. An fi yin ta a kwamfuta, inda ɗan wasa yake iya isa ga fayilolin wasan.

Tarihi

Ba a iya tsayar da ranar da abin ya fara ba. Ana yawan ambaton Castle Smurfenstein a matsayin ɗaya daga cikin na farko, wanda wasu matasa suka yi a farkon shekarun 1980 ta hanyar sauya hotuna da sautin wasan Castle Wolfenstein.

Wasan da ya buɗe ƙofa sosai shi ne Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a 1993. Masu shi sun ware taswirori (wato tsarin wuraren da ake wasa a ciki) da hotuna da sauti a fayiloli na daban da ake kira WAD, suka raba su da injin wasan, domin mai son canji ya taɓa su ba tare da ya lalata tushen ba. Cikin 'yan watanni magoya baya suka ƙirƙiri manhajojin zana taswira, suka riƙa musayar ayyukansu kyauta. A 1997 kamfanin ya saki lambobin tushen wasan, wato rubutun umarnin kwamfuta da aka gina shi da shi, ga jama'a, kuma har yau ana yi masa sababbin taswirori.

Quake ya biyo baya a 1996. A kansa ne wasu matasa 'yan Ostireliya, ciki har da Robin Walker da John Cook, suka gina Team Fortress, daga baya kamfanin Valve ya ɗauke su aiki. Haka ta faru da Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka yi a kan wasan Half-Life na Valve a 1999. Valve ya saye shi a 2000. Shi kuwa Defense of the Ancients taswira ce kurum a cikin wasan Warcraft III, ta bayyana wajen 2003, ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu. Daga gare ta ne salon League of Legends da Dota 2 ya samo asali. Abin ban sha'awa shi ne, wasu daga cikin wasannin da a yau ake gasar duniya a kansu sun fito ne daga hannun mutanen da suka yi aikin don so, ba don albashi ba.

Al'ummomin magoya baya

Aikin yakan rabu: wani yana rubuta lambobi, wani zane, wani gwaji, wani fassara wasan zuwa harshen da kamfanin bai kula da shi ba. Akwai kuma masu gyara kurakuran tsoffin wasannin da masu su suka daina kula da su, kuma da yawa daga cikin waɗannan wasanni ba za su yi aiki a kwamfutocin zamani ba in ba don su ba. Manyan rumbunan ajiyar kwaskwarima a intanet sun haɗa da Nexus Mods da Steam Workshop na Valve, wanda aka buɗe a 2011. Wasan Skyrim na kamfanin Bethesda da Minecraft suna cikin waɗanda aka fi yi wa kwaskwarima.

Taƙaddama

Haƙƙin mallakar wasa na kamfani ne, kuma kamfanoni sun sha bamban: Bethesda yana raba kayan aikin kwaskwarima, Nintendo kuwa ya sa an janye ayyukan magoya baya da dama. A Afrilun 2015 Valve da Bethesda sun gwada sayar da kwaskwarimar Skyrim, suka janye tsarin cikin 'yan kwanaki saboda ƙorafi. Har yanzu ba a daidaita a kan batun biyan masu aikin ba.