Biyu Cikin Huɗu: Fashin Baƙin Ƙa'idar Awon Tsamin Ruwan Teku

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17. Na 14 daga cikinsu ya shafi teku, kuma a ƙarƙashinsa akwai buri mai lamba 14.3, wanda ya nemi a rage illar ƙaruwar tsamin ruwan teku, a kuma ƙarfafa haɗin kan masana a kan lamarin. Don a san ko ana gaba ko ana baya, sai aka ɗaura wa burin ma'auni mai lamba 14.3.1: matsakaicin tsamin ruwan teku, wato pH (lambar da take sauka idan tsami ya ƙaru, 7 kuma ita ce tsaka-tsaki), kamar yadda aka auna shi a tashoshin da aka yi ittifaƙi a kansu. Hukumar IOC, reshen UNESCO mai kula da ilimin teku, ita aka damƙa wa amanar tattara alƙaluman, kuma a 2018 aka amince da tsarin awon da ta gabatar.

Tun farko ya kamata mai karatu ya san cewa wannan ba doka ba ce irin wadda ake gurfanar da mutum a kotu idan ya karya ta. Babu tara, babu takunkumi. Ƙasa ce take aika alƙalumanta bisa raɗin kanta. Hukuncin da ke ciki ɗaya ne: awon da bai cika sharaɗi ba, ba za a jera shi da na sauran duniya a matsayi ɗaya ba. Ga wanda ya kwashe watanni a jirgin ruwa yana ɗibar samfuri, wannan hukunci ba ƙarami ba ne.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma na teku ma haka yake. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon dayoksaid da ke sararin sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yanzu ta haura 420. Teku yana shanye kusan rubu'in abin da ɗan Adam yake fitarwa kowace shekara. Idan iskar ta narke a ruwa sai ta zama asid mai rauni, asid ɗin ya saki ƙwayoyin haidurojin, su kuma su kama kabonet ɗin da ke ruwa su mayar da shi baikabonet. Kabonet ɗin nan kuwa da shi murjani da kawa da katantanwar ruwa suke gina ɓawonsu. Matsakaicin pH na saman teku ya sauko daga kusan 8.2 zuwa kusan 8.1. Da gani kamar ba komai, amma sikelin pH ninki-ninki yake tafiya, don haka saukar 0.1 tana nufin ƙwayoyin haidurojin sun ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari. Ruwan bai koma asid ba, tunda har yanzu yana sama da 7. Yana dai matsawa ta can ne.

To ga inda wahalar take. Tashoshin da suka daɗe suna awo, kamar ALOHA a arewacin Hawai da BATS kusa da Bamuda, waɗanda duka aka fara a 1988, sun nuna cewa pH yana sauka da abin da bai kai 0.002 ba a shekara. Wannan ɗan ƙanƙanin sauyi shi ake nema a cikin ruwan da pH ɗinsa yake hawa da sauka tsakanin rana da dare, tsakanin hunturu da bazara, fiye da hakan nesa ba kusa ba. Duk wani sharaɗi da ke cikin ƙa'idar daga nan ya samo tushe.

Sharaɗin farko, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin, shi ne a auna aƙalla biyu daga cikin abubuwa huɗu. Na ɗaya shi ne pH ɗin kansa. Na biyu jimillar narkakken kabon, wato duk kabon ɗin da ke ruwa in ban da na jikin halittu. Kusan kashi 90 cikin ɗari nasa baikabonet ne, ƙasa da kashi ɗaya kuma iskar ce a narke. Na uku alkaliniti, wato ƙarfin da ruwan yake da shi na haɗiye asid kafin ya sallama. Na huɗu matsin iskar kabon dayoksaid da ke cikin ruwan. Tare da biyun da aka zaɓa dole a haɗa da zafin ruwan da yawan gishirinsa, a kuma rubuta wuri da lokaci da zurfin da aka ɗebo shi da irin na'urar da aka yi amfani da ita.

Me ya sa biyu? Saboda huɗun a ɗaure suke da juna ta hanyar lissafin sinadarai da aka sani. Wanda ya san biyu, ya kuma san zafi da gishiri, zai iya fitar da sauran biyun da manhajar kwamfuta irin CO2SYS, wadda aka fara fitarwa a 1998, har ya kai ga yawan kabonet ɗin da halittu ke buƙata. Wanda ya san pH kaɗai kuwa ya san cewa ruwa ya sauya, amma bai san dalili ba. Ko iskar kabon ce ta ƙaru? Ko ruwan kogi ne ya kwararo ya tsinka ruwan gaɓa? Ko ruwan ƙarƙashi ne ya taso? Ruwa biyu za su iya yin pH ɗaya alhali ɗaya yana wadatar da kawa ɗayan yana hana ta yin ɓawo. Masu aikin ma sun san ba kowane haɗi ba ne yake da albarka: pH da matsin iskar kusan tare suke hawa da sauka, don haka haɗa su biyun yana ƙara kuskure a lissafi. An fi so a haɗa ɗayansu da alkaliniti ko da jimillar kabon.

Shi kuwa zafin ruwa, ba don cika takarda aka sa shi ba. Idan samfuri ya ɗumama da digiri ɗaya, pH ɗinsa yakan sauka da kusan 0.015. Wato kuskuren digiri ɗaya a rubutu ya haɗiye sauyin fiye da shekara bakwai. Haka batun sikeli. Akwai sikelin pH fiye da ɗaya, kuma wanda aka saba da shi a awon ruwan daɗi yakan bambanta da na masana teku da 0.1 ko fiye, daidai da duk saukar da aka yi tun farkon zamanin masana'antu. Shi ya sa tsarin ya nemi a kawo pH bisa sikelin jimilla, wanda aka tsara musamman don ruwan gishiri.

Ga wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗibar samfuri ba, a nan ne zai gane cewa ƙa'idar aikin hannu ce kafin ta zama lissafi. Littafin jagora na 2007 da Andrew Dickson da Christopher Sabine da James Christian suka shirya shi ne madogarar yawancin ɗakunan gwaji. Ana zura kwalaben Niskin cikin teku a buɗe, a rufe su a zurfin da ake so, a jawo su saman jirgi. Mai ɗiba zai sa siririn tiyo a bakin famfon kwalbar, ya kai ɗaya bakin har gindin wata kwalbar gilashi mai jure sinadarai, ya bar ruwan ya cika daga ƙasa a hankali har ya yi ta malala. Kumfa ko ɗaya ba a so, domin iskar da ke cikinta za ta yi musaya da ruwan. Sai ya zuƙe ɗan kaɗan daga sama, kamar kashi ɗaya cikin ɗari, don ruwan ya sami wurin buɗawa idan ya ɗumama. Sai ya ɗiga narkakken gishirin zaiba, dafin da zai kashe ƙananan halittun da ke ciki. In an bar su za su ci gaba da numfashi a cikin kwalbar su sauya abin da ake son aunawa. Daga nan ya shafa wa murfin gilashin maiƙo na musamman, ya toshe, ya ɗaure, ya ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Duk wannan cikin hanzari, a kan jirgin da igiyar ruwa take jijjigawa.

A ɗakin gwaji kuma, hanyar da ta fi inganci ta awon pH ita ce a ɗiga wa samfurin wani rini wanda launinsa yake karkata zuwa rawaya idan tsami ya ƙaru, zuwa shunayya idan ya ragu, na'ura ta auna hasken da ya ratsa. Har rinin ma sai an tace shi, domin an gano cewa gurɓacewar da ke cikin na kasuwa tana karkatar da sakamako.

Sharaɗi na biyu ya shafi inganci, kuma an aro shi ne daga GOA-ON, cibiyar haɗin gwiwar masu sa ido kan tsamin teku ta duniya da aka kafa a 2012. Mataki na farko shi ne ingancin gano sauyin shekaru masu yawa: kuskuren pH kada ya wuce 0.003, na alkaliniti da jimillar kabon kada ya wuce maikuromol 2 (wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin yawan sinadari) a kilogiram na ruwa, na matsin iskar kuma rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Tunda jimillar kabon a saman teku tana wajen maikuromol 2,000, ana maganar kuskuren ɗaya cikin dubu ke nan. Mataki na biyu ya fi sassauci: 0.02 a pH, maikuromol 10, da kashi 2.5 cikin ɗari. Wannan ba zai nuna sauyin 0.002 a shekara ba, amma ya isa a ga bambancin wuri da wuri, ko na mako da mako.

Kada a raina mataki na biyun. Wajen 2007 da 2008 wuraren ƙyanƙyasar kawa a gaɓar Oregon da Washington a Amurka sun yi ta asarar 'ya'yan kawa, daga baya aka gano cewa ruwan ƙarƙashi mai yawan kabon ne yake tasowa yana shiga tankunansu. Abin da ya cece su shi ne sa ido kan ruwan da suke jawowa, su zaɓi lokacin ɗiba, su kuma gyara sinadaransa kafin ya kai ga 'ya'yan. Ba su buƙaci ingancin 0.003 ba.

Tsarin IOC ya ƙara mataki na uku, na awon da bai kai biyun nan ba ko ba a san ingancinsa ba. Ana karɓarsa, amma da alamarsa. A ganina wannan shi ne wuri mafi hikima a duk tsarin. Yawancin dogayen alƙaluman da duniya take da su daga tekunan ƙasashe masu arziki suka fito, gaɓoɓin Afirka da na ƙananan tsibirai kuwa giɓinsu babba ne, alhali a can ne miliyoyin mutane suka dogara da kamun kifi da tudun murjani. Da an ce sai mai ingancin farko zai shigo, da an rufe wa waɗannan ƙasashe ƙofa tun ba su fara ba. Da an karɓi kowane awo ba tare da bambancewa ba kuwa, da an gurɓata tarihin da aka kwashe fiye da shekara talatin ana ginawa. Cibiyar kula da tsamin teku da ke Monako, ta hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA), tana horar da masana daga ƙasashe masu tasowa don su haura daga wannan mataki zuwa na sama.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya ɗakin gwaji zai san kuskurensa bai wuce maikuromol 2 ba? Faɗa da baki ba ta wadatarwa. Sai ya auna ruwan da an riga an san amsarsa, ya ga ko na'urarsa za ta faɗi gaskiya. Tun farkon shekarun 1990 ɗakin gwajin Dickson a Cibiyar Scripps da ke Kalifoniya yake samar da irin wannan ruwa: ruwan teku na gaske, an tace, an kashe halittun cikinsa, an zuba a kwalaben rabin lita, kowane rukuni da lambarsa da tabbataccen adadin alkaliniti da jimillar kabon ɗinsa. Wannan kwalba ita ce ta sa awon da aka yi a tekun Indiya zai iya zama kusa da na tekun Atlantika a yi musu kwatanci.

Abin da yake damuna shi ne yadda duk wannan gini ya jingina da ginshiƙi ɗaya. Lokacin annobar korona a 2020 aikin ɗakin ya ragu, ɗakunan gwaji a nahiyoyi daban-daban suka koma tattalin 'yan kwalaben da suka rage musu. Ga kuma batun zaiba. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 ta fara aiki a 2017, tana tura duniya ta rage amfani da zaiba, kuma da gaskiyarta, domin dafi ce mai lalata jijiyoyi. Amma samfurin da ake adanawa da kwalbar gwajin kanta duk da gishirin zaiba ake kiyaye su, abin da yake ƙara wahalar jigilarsu daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma zubar da su bayan an gama. Masana suna gwada wasu sinadaran da za su maye gurbinsa, kuma a Turai da wasu wurare ana ƙoƙarin samar da ruwan gwaji na biyu wanda za a daidaita da na Scripps, don ɗakin gwajin da ke nesa ya riƙa buɗe kwalbar asali sau ɗaya a lokaci mai tsawo, ya yi aikin yau da kullum da wadda aka haɗa kusa da shi.