Cocin Katolika da Haƙƙin Talaka: Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Tambayoyin nan su ne dai kullum, duk lokacin da aka taɓo koyarwar coci kan zaman jama'a. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Fafaroma Francis ne ya ƙirƙiro wannan koyarwa?

A'a. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar Rerum Novarum kan halin ƙuncin da ma'aikatan masana'antu ke ciki. Tushenta kuwa Littafi Mai Tsarki ne.

Ba gurguzu ba ne aka canja wa riga?

Ba shi ba ne. Wasiƙar 1891 ɗin ta kare 'yancin mutum ya mallaki abin kansa. Abin da coci ya ƙi shi ne ka ɗauka babu haƙƙin kowa a kan dukiyarka.

Ina ruwan fada, wato limamin coci, da siyasa?

Dokar coci ta hana fada riƙe muƙamin mulki. Ba ta ce ya kama bakinsa ba idan ana zalunci. Tsayawa takara da gyara dokoki kuwa aikinku ne, ku da ba limamai ba, ku daina turo shi gaba kuna laɓewa a bayansa.

Mai yi mini aiki a gida ita da bakinta ta amince da ɗan albashin da nake ba ta. Ina da laifi?

Wannan kam sai an bi a hankali. Da farko, amincewarta ba ta wanke ka ba. Leo na 13 ya faɗa ƙarara cewa ma'aikacin da ya karɓi mugun sharaɗi saboda babu yadda zai yi, an tilasta masa ne, an kuma zalunce shi. Wadda yaranta suka kwana da yunwa za ta ce "to" ga ko nawa ka ambata.

Sai dai coci bai yanke adadi ba. A 1931 Fafaroma Pius na 11 ya ce a auna abu uku: buƙatar ma'aikaci da iyalinsa, ƙarfin mai biya, da amfanin jama'a baki ɗaya. Saboda haka idan kai ma da ƙyar kake kai ƙarshen wata, kada ka tayar da hankalinka, ba a ce ka ci bashi ba. Sallamarta ma ba lalle ne ta zama adalci ba, wataƙila ɗan abin nan ne ke riƙe da gidanta. Amma in kuɗin rabin yini kake iya biya, to ka sa ta aikin rabin yini, ta nemi ƙari a wani wuri. Ka ba ta ranar hutu. Idan ta kwanta ciwo, kada ka zauna kana lissafin kwanakin da za ka yanke.

Inda ba ni da sassauci shi ne jinkirta biya alhali kana da shi. Ranar biya ta yi, tana tsaye a bakin ƙofa tana jin nauyin tambaya, kai kuma ka ce "sai gobe". A Littafi Mai Tsarki, Yaƙub 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma yana isa kunnen Ubangiji.

Me ya haɗa addini da muhalli?

Littafin Farawa 2:15: an sa mutum a gona ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. A wasiƙar Laudato Si' ta 2015, Francis ya haɗa kukan ƙasa da kukan talaka, domin idan ruwa ya gurɓace mai hali zai sayi na gora, talaka ne zai sha haka nan. Da ya ga ana jan ƙafa, ya sake yin kira a Laudate Deum a 2023.

'Yan Katolika kaɗai ake taimakawa?

A'a, kuma na gaji da jin wannan. Caritas, ƙungiyar agajin coci, ba ta tambayar addinin mai jin yunwa. Wasiƙar zaman lafiya ta 1963, Pacem in Terris, duk mai kyakkyawar niyya aka rubuta wa. A 2019 kuma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, sun sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.